ZAUREN IYALI: Tsoron Rashin Suna a Zamanin Waya

 

Wata damuwa ta shigo gidajenmu wadda kakanninmu ba su san ta da wannan siffa ba. Za ka ga saurayi da lafiyarsa da sana'arsa, amma ransa a ɓace, domin ya saka hotonsa a Facebook mutum biyar kawai suka kula. Za ka ga budurwa tana ganin kanta ba a bakin komai take ba, don ƙawarta ta tara dubban mabiya a TikTok, ita kuwa ba wanda ya san da ita sai 'yan unguwarsu. Har magidanta da malamai abin bai bari ba. Wani malamin da ya shekara talatin yana karantar da yara a zaure yakan ji zuciyarsa ta sosu idan ya ga almajirin jiya ana yaɗa wa'azinsa a WhatsApp, shi kuwa muryarsa ba ta wuce ƙofar gida.

Kada mu yi wa masu wannan damuwa dariya, domin a cikinta akwai gaskiya. Tela ko mai sayar da atamfa da ba a san lambar wayarta ba, ciniki yakan wuce ta. A shekarar 2020, lokacin annobar korona, gwamnatin Togo ta raba tallafin Novissi ta wayar salula, kuma sai mai katin zaɓe da waya ya iya yin rajista. A nan mutane suka gane cewa rashin suna a inda ake bukatarsa yana iya hana mutum haƙƙinsa. Saboda haka neman a san sana'arka da inda za a same ka ba laifi ba ne, neman halali ne.

Amma akwai wani abu dabam da yake fakewa a bayan wannan bukata, shi ne son a san mutum don a san shi kawai. Malamai sun daɗe da ba shi suna: riya, wato yi don a gani, da sum'a, wato yi don a ji. Wannan ƙishirwa ce da ba ta yankewa. Mai mabiya ɗari yana hangen mai dubu, mai dubu kuma ba ya barci saboda mai miliyan. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

Mu waiwaya mu ga yadda magabatanmu suka yi suna a wannan ƙasa. Fataken goro da suka riƙa tasowa daga Kano da Katsina zuwa Salaga a ƙasar Gwanja sun bi ta Jugu da Didaure ta nan Sokode, wasu kuma ta Sansanne-Mango a arewa. Baƙo yakan sauka gidan mai gida a zango, ya damƙa masa kayansa da kuɗinsa, shi kuma ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa. Me ya sa falke zai amince da mutumin da bai taɓa gani ba? Domin ya ji labarinsa tun a hanya, daga bakin waɗanda suka gwada shi suka same shi da amana. Sunan mai gida yana tafiyar watanni a ƙafa alhali shi yana zaune a zaurensa. Ranar da ya ci amanar mutum guda kuwa, ayarin baɗi sai ya sauka wani gida.

Haka nan Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano wajen 1858. Ya zauna a Salaga, bayan yaƙin basasar garin na 1892 ya koma Kete-Krachi, wadda a lokacin take ƙarƙashin mulkin Jamus na Togo, a can ya rasu a 1934. Karantarwa da rubutu su ne aikinsa. Almajiransa ne suka ɗauki sunansa zuwa zanguna, rubuce-rubucensa na Ajami kuma suka kai har Jamus ta hannun Adam Mischlich, jami'in da ya koyi Hausa a wurinsa. Har yau masana tarihin Hausawa suna komawa gare shi. Aiki ne ya fara tafiya, suna ya bi sawunsa.

Addininmu kuma ya ba mu ma'auni da ya fi wannan. A cikin Sahihu Muslim an ruwaito labarin Uwaisul Ƙarni, mutumin Yaman mai biyayya ga mahaifiyarsa, wanda mutanen garinsa ba su ɗauke shi da daraja ba, amma Manzon Allah (SAW) ya umarci Sayyidina Umar ya nemi ya roƙa masa gafara idan ya haɗu da shi. An kuma ruwaito labarin matar da take sharar masallacin Madina, ta rasu aka binne ta ba a sanar da Annabi (SAW) ba. Da ya rasa ta sai ya tambaya, ya je kabarinta ya yi mata salla. Mutane sun raina al'amarinta, shi bai raina ba.

Sa'annan mu tuna cewa sunan da ke cikin waya kayan aro ne, kuma kayan aro ba ya rufe katara. A watan Satumba na 2017 an yanke intanet a Togo na tsawon kwanaki. A cikin kwanakin nan mabiya ba su amfani kowa ba. Maƙwabci da limamin unguwa da mai shagon da ke ba ka bashi su ne suka rage. Kamfani ma yana iya rufe wa mutum asusunsa dare ɗaya, abin da ya tara na shekaru ya ɓace.

To, ina mafita? Nauyi na farko yana kan iyaye. Yaron da ake yaba masa a gida idan ya yi abin kirki ba ya yawan baran yabo a waje. Uba ya san izun da ɗansa ya kai, uwa ta nuna wa baƙi ɗinkin da 'yarta ta yi, a ji ra'ayinsu idan ana shawarar gida. Mai sana'a kuma ya yi amfani da waya kamar allon ƙofar shago: ya nuna kaya da farashi na gaskiya, ya cika alkawari, ya rufe ta idan an kira salla. Kafin mutum ya saka wani abu, ya tambayi zuciyarsa: in da ba wanda zai gani, zan yi shi kuwa? Ƙungiyoyinmu su ma suna da rawar takawa. Su ɗauki karatun dattawan malamanmu na Sokode da Dapaong su adana, da izininsu, domin ilimin ya wanzu bayansu.

Wanda zuciyarsa ke ƙuna don ba a san shi ba, ya lissafa waɗanda za su rasa shi idan ya kwana uku bai fito masallaci ba. Idan sun kai goma, ya gode wa Allah. Idan ba su kai ba, can ne aikinsa yake.

Allah Ya tsarkake niyyoyinmu, Ya shirya mana zuriya, Ya sa mu gama da duniya lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.