Daga tukunyar giyar Amurka zuwa tsiron dawar Arewa

A ranar 14 ga Oktoban 1978, shugaban Amurka Jimmy Carter, manomin gyaɗar nan na jihar Jojiya, ya sa hannu a kan wata dokar haraji da ba ta ɗauki hankalin jama'a ba. A cikinta akwai ɗan sashen da Sanata Alan Cranston na Kalifoniya ya shigar, wanda ya ba kowane baligi damar dafa giya a gidansa ba tare da biyan haraji ba: galan 100 a shekara, wato kusan lita 380, ko galan 200 in manyan gidan sun kai biyu. Sharaɗin shi ne kada a sayar. Dokar ta fara aiki a Fabrairun 1979, ko da yake kowace jiha na da ta cewa. Misisipi da Alabama ba su amince ba sai a 2013. Birtaniya kuwa ta riga su, tun 1963 ta soke lasisin da ake nema ga mai dafawa a gida.

Ga Musulmi, hukuncin giya a fili yake: haramun ce, shanta da yinta da sayar da ita. Ɓarnarta ma ba ta ɓoyu ga kowa ba, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019 kaɗai. Duk da haka labarin masu dafa giya a gida ya cancanci karatu da idon basira, saboda yana nuna yadda sana'ar ɗakin girki ke rikiɗewa ta zama masana'anta. Rabin ilimin da ke cikinsa kuma babu barasa a ciki ko ɗigo.

Lokacin da Carter ya sa hannu, kamfanonin giya a faɗin Amurka ba su kai 100 ba. Haramcin giyar da ƙasar ta yi daga 1920 zuwa 1933 ya kashe ƙanana da yawa, manya kuma suka haɗiye waɗanda suka tsira. Yau sun haura 9,000, kuma da yawa daga cikin masu su a kan murhun gida suka fara. Ken Grossman ya buɗe shagon sayar da kayan dafa giyar gida a garin Chico a 1976, ya riƙa bin gidajen madarar da suka durƙushe yana sayen tsofaffin tankunansu, yana walda da hannunsa. A 1980 shi da abokinsa Paul Camusi suka fitar da dahuwar farko ta Sierra Nevada, kamfanin da yanzu ke cikin manyan masu zaman kansu a ƙasar. Charlie Papazian, wanda ya karanci injiniyancin nukiliya amma ya koma koyarwa, ya kafa ƙungiyar masu dafa giya a gida a garin Boulder a 1978. Ƙungiyar tana buga mujalla, tana shirya gasa, alƙalai na ɗanɗanawa suna rubuta wa kowa inda ya kuskure.

Abin da ya bambanta waɗannan mutane da sauran masu girki shi ne awo da rubutu. Mai wannan sha'awa yana da ma'aunin zafi, yana da ɗan gilashin da ke nuna yawan sukarin da ke cikin ruwa, yana da littafin da yake rubuta nauyin hatsi da zafin ruwa da tsawon lokaci. Yana wanke kowane mazubi da maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin ya zuba komai. In dahuwa ta yi kyau ya san dalili, gobe ma zai iya maimaitawa. In ta lalace, littafin zai nuna masa inda aka samu matsala. Sirrin ba ya mutuwa da mai shi, domin an rubuta an kuma raba wa abokai.

Wannan ɗabi'a tsohuwa ce a sana'ar. A ɗakin binciken Carlsberg da ke Kofanhagan ne Emil Christian Hansen ya ware tsantsar yis a 1883, a nan ne kuma Sorensen ya fito da ma'aunin tsami na pH a 1909, wanda duk ɗalibin kimiyya a sakandare ke haddacewa yau. Louis Pasteur, wanda hanyarsa ta ɗumama abin sha don kashe ƙwayoyin cuta ke kare madarar da ake ba yara, ya wallafa littafi sukutum a kan giya a 1876.

To ina rabin da babu barasa? Aikin yana farawa ne da jiƙa sha'ir har ya tsiro, sannan a busar da shi. Tsirowar tana farkar da wasu sinadarai a cikin ƙwayar, waɗanda in aka haɗa su da ruwa mai zafin kusan digiri 65 sai su narkar da sitaci ya koma sukari. Abin da ke fitowa ruwa ne mai zaƙi, ba ya bugarwa. Sai an zuba yis an bar shi kwanaki ne sukarin ke komawa barasa. Wanda ya tsaya kafin wannan mataki, abin shan malt ya yi, irin Maltina da Malta Guinness da ake rabawa a gidan biki da wajen buɗa-baki.

Kowace mai kunun zaƙi ta san wannan aiki. Tana raba ƙullun gero ko dawa gida biyu, ta dama kashi ɗaya da tafasasshen ruwa ya yi kauri, ta bari ya ɗan huce, sannan ta zuba ɗanyen da aka niƙa da tsiro ko busasshen dankali. Kafin gari ya waye kaurin ya saki, zaƙi ya fito. Sinadarin da mai dafa giya a gida ke lallashi da ma'aunin zafi, shi take sarrafawa da bayan hannunta. In ta yi gaggawar zubawa da zafi sosai, sinadarin ya mutu, kunun ya ƙi sakin jiki. Ta san haka sarai, amma babu wanda ya taɓa rubuta mata adadin zafin, ita ma ba ta rubuta wa 'yarta ba.

Manyan kamfanoni sun daɗe da gane darajar dawa. A 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir, dole kamfanonin giya da na abin shan malt suka koma ga dawa. Irin SK5912, gajeriyar kaurar da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta fitar, ya zama abin nema saboda yana bayar da tsiro mai kyau. Har yau tireloli na ɗaukar dawa daga kasuwanni irin Dawanau zuwa masana'antun Kudu, ta dawo Arewa a cikin gwangwani da tsadar da ta ninka kuɗin hatsin sau da yawa. Manomin ya sayar da ɗanyen kaya, ribar sarrafawa ta tafi wani wuri. Abin takaici ne, ganin cewa Nijeriya na cikin ƙasashen da suka fi noman dawa a duniya.

Matsalar kunun zaƙi ita ce ba ya jimiri. In babu firji, kwana ɗaya zuwa biyu ya yi tsami, gorar ta kumbura, mai talla ta zubar da jarinta. A nan ne awo ke da amfani har ta fuskar addini, domin abin sha mai sukari da aka bari a zafi yana iya fara juyawa. Hadisin da Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas ya nuna ana jiƙa wa Annabi (SAW) zabibi ya sha, amma ba ya wuce yammacin rana ta uku. Mai sana'ar da ta iya ɗumama kununta a cikin kwalba mai tsabta, ta rufe shi ruf, ta kuma auna tsaminsa, ta kare jarinta ta kuma kare mai sha daga shubuha.

Kayan wannan aiki ba su fi ƙarfin ƙaramar sana'a ba: ma'aunin zafi, takardar gwajin tsami, sikeli, kwalabe masu murfi, da littafi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda zai koyar, da wurin da masu sana'ar za su haɗu su gwada na juna. Sassan kimiyyar abinci na kwalejojin fasaha irin ta Kaduna za su iya buɗe ajin mako biyu da Hausa ga masu kunun zaƙi da zoɓo da kunun aya. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, za ta iya ƙara sauƙaƙa rajista ga mai yin kwalba hamsin a rana, ta aiko da jami'an da za su nuna mata yadda za ta gyara wurin aikinta kafin a yi maganar tara. Ƙungiyoyin mata kuma za su iya shirya gasar shekara-shekara gab da azumi, lokacin da kasuwar kunu ta fi ci, a ba kowace mai shiga takardar da ke bayyana kaurin kununta da zaƙinsa da kwanakin da ya yi kafin ya juya.