Ganawar da aka gama tun ba a fara ba

Wani ƙanena ya taso daga Damagaram zuwa Yamai, tafiyar kilomita wajen 900, domin ganawar ɗaukar aiki a wata ma'aikata. Kafin ya hau mota sai da ya haɗa dosiye: takardar haihuwa, takardar zama ɗan ƙasa, takardar kotu mai shaida ba a taɓa ɗaure shi ba, wadda ba a karɓa in ta haura wata 3, da kofen dipilom mai tambur da hatimi. Kowace takarda da kuɗinta da layinta. Ganawar ba ta kai minti 10 ba. Da ya fito ya kira ni, ya ce: "Yaya, ina jin na ɓata, amma ban san a ina ba." Na ce me suka tambaye ka? Sunansa, garinsu, da ko ya sha wuyar hanya.

Jama'a masu karatu, ganawa iri biyu ce ke lalacewa, kuma ya kamata matasanmu su iya rarrabe su.

Akwai wadda ke lalacewa a hannunka. Labarin zuciya a tambayi fuska. In aka sake maka tambaya ɗaya da wasu kalmomi, amsarka ta farko ta bi ta gefe. In alƙalamin mai rubutu ya tsaya kai kuwa kana ta zuba, ka yi tsawo. In aka katse ka da "to, mun ji", an ƙoshi. Wannan tana gyaruwa tun kana zaune: ka tsagaita, ka nemi a maimaita tambayar, ka ajiye faransancin jami'a mai dogon jela, ka kawo aiki guda da ka taɓa yi da hannunka. Kada tsananin masu tambaya ya firgita ka. Ƴan kasuwar Maraɗi sun fi ni sanin wannan: wanda ya juya turmin atamfa, ya kushe launi, ya taya da wulaƙanci, shi ne mai saye. Wanda ya ce kaya sun yi kyau, Allah ya kawo kasuwa, ƙafarsa ɗaya tana waje.

Ta biyun ita ce ta sami ƙanena, kuma ita ta sa na ɗauki alƙalami. A cikinta kowa fara'a yake. Dosiyenka yana kan tebur ba a buɗe ba. Shugaban zaman yana latsa salula, ko ya fita ya dawo bai tambayi inda aka kwana ba. Ba wanda ya ja da kai a kan komi. Ba a yi zancen albashi ba, ko ranar kama aiki, ko garin da za a tura ka. A ƙarshe a ce "za mu kira ka", ba tare da an duba ko lambarka tana nan ba. In ka ga waɗannan sun taru, daina binciken laifinka. An ba da kujerar tun kafin ka sayi tikitin mota. An kira ku ne domin rahoto ya nuna an tantance mutane.

Cutar tana da tarihi. A da, mai dipilom na jami'a kusan kai tsaye yake shiga aikin gwamnati. Tsarin tsuke bakin aljihu da Bankin Duniya da FMI suka kawo tun cikin shekarun 1980 ya ƙuntata wannan ƙofa, karyewar darajar sefa da rabi a Janairun 1994 ta ƙara matse jama'a. Da gurbi ya yi ƙaranci sai hanya ta fi ilimi tsada. Bayan zaɓen 1993 kalmar wasoso ta shiga bakin kowa saboda yadda aka raba muƙamai, ƴan boko kuwa suka laƙaba wa abin suna PAC, wato dangi, abokai da idon sani. Gwamnatoci sun zo sun wuce, na farar hula da na soja, mai uwa a gindin murhu bai fara cin tuwonsa gaya ba.

Zancen nawa da ku ne, domin ku ne a ɗaya gefen tebur. Alhaji, kai ke ɗaga waya ka ce wa darakta yaron nan namu ne. Malam ma'aikaci, kai ke zama cikin kwamitin, ka sa hannu a kan sakamakon da ka tarar a rubuce. Na san matsin dangi, ni ma ba daga sama na faɗo ba. Amma in kun riga kun bayar, me ya sa za ku taso da ɗan talaka daga Tawa ko Difa ya ci bashin kuɗin mota? In kuwa gasar ta gaskiya ce, a liƙa makin kowa a bango, a faɗi ranar amsa, wanda bai samu ba a gaya masa.

Ƙanena ya yi wata 4 yana jiran kira. Makon jiya ya ga wata sanarwar, ya ciro dosiyensa, ya tarar takardar kotun ta tsufa. Ya koma layi.