RA'AYINMU: Wanda Ya Canza Mota, Ya Canza Takarda

Duk wanda ya tsaya a gadar Ngeli da safe, ya dubi motocin da ke zirga-zirga tsakanin Injamena da Kuseri, zai ga cewa kaɗan ne daga cikinsu suke yadda suka fito daga kamfani. Wani ya ƙara sifirin, wani ya ɗaga bodi, wani ya sa tanki na biyu, wani kuma ya cire injin fetur ya ɗora na gas. Ba mu ga laifin kowa ba, domin hanya ce ta tilasta, kuma ɗan kasuwa riba yake nema.

Abin da ke damunmu shi ne, ana kashe kuɗi a gareji amma a manta da ofishin inshora, wadda a nan muka fi sani da asurans. Kamfani yana yanke kuɗin inshora ne bisa ƙarfin inji, da yawan kujeru, da nauyin kayan da mota ke ɗauka, da kuma irin aikin da take yi. Motar gida daban, motar haya daban, motar kaya daban. Da zarar ɗaya daga cikin waɗannan ya canza, haɗarin da kamfani ya ɗauka ya canza, farashi ma sai ya canza.

Chadi tana cikin ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar CIMA a birnin Yawunde a 1992, tare da Kamaru da Nijar. Sashe na 12 na dokar ya wajabta wa mai mota ya sanar da kamfani duk sabon abin da ya ƙara haɗari cikin kwana 15. Wanda ya ɓoye da gangan, sashe na 18 ya ce yarjejeniyarsa ta ɓaci, kuma kuɗin da ya biya ba za su dawo ba. Wanda ya yi shiru cikin rashin sani, sashe na 19 ya ce za a rage masa diyya daidai da gibin da ke tsakanin abin da ya biya da abin da ya kamata ya biya. Kamfani na iya biyan wanda aka buge, sannan ya juyo ya nemi kuɗinsa a wurin mai mota.

To, a duba lamarin ɗan kasuwar da ya yanki inshorar motar gida, alhali buhunan albasa da fasinja yake ɗauka zuwa kasuwar Dembe. Takardarsa za ta wuce da shi a shingen jandarma, amma ranar da aka yi hatsari, ƙwararren da kamfani zai turo lambar inji zai fara dubawa. A ranar ne za a gane cewa araha ba ta ado, domin jarin shekaru na iya tafiya a diyyar rai ɗaya.

Saboda haka muna kira ga 'yan kasuwa da direbobi da su tambayi kamfaninsu farashi tun kafin bakanike ya taɓa mota, su gyara takardar shaidar mota, su kuma karɓi sabon sharaɗin a rubuce. Su ma kamfanonin, ya kamata su riƙa yi wa jama'a bayani da Hausa da Larabci, domin ba kowa ke karanta Faransanci ba. Ƙungiyoyin direbobi kuwa, wannan aikinsu ne a kowace tasha.

Allah Ya kiyaye hanya.