Jama'ar Tarai, Kada Ku Ɗaga Kwalin Da Ba Ku Karanta Ba!

Ya ku mutanen Tarai, da 'yan'uwa na Kibiya da Rano, iyaye da matasa, ku saurara!

Kwalin da mutum ya ɗaga a bainar jama'a bakinsa ne. Duk abin da ke rubuce a jiki shi ya faɗa, ko ya iya karatu ko bai iya ba. Za a ɗauki hotonsa, hukuma ta gani, kuma shi za a tuhuma.

Ku tuna watan Agustan 2024. Yunwa da tsadar rayuwa suka fito da jama'a kan titunan Kano. Sai ga yara riƙe da tutar Rasha, nan take maganar tuta ta danne maganar abinci. Ranar 1 ga Nuwamba aka gurfanar da ƙananan yara gaban Babbar Kotun Tarayya a Abuja bisa zargin cin amanar ƙasa, wasunsu suka yanke jiki suka faɗi. Wa ke son ganin ɗansa a wannan hali?

Kada tsoro ya rufe muku baki. Sashe na 39 da na 40 na tsarin mulkin 1999 sun ba ku 'yancin faɗar albarkacin baki da na taruwa cikin lumana. A 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke hukunci, a shari'ar jam'iyyar ANPP da Sufeto Janar na 'yan sanda, cewa taron lumana ba ya buƙatar takardar izinin 'yan sanda.

To, ku rubuta naku da hannunku! Ku rubuta da Hausa, da boko ko da ajami, yadda tsohuwa da almajiri za su gane. Kwali ɗaya, buƙata ɗaya: in taki ne ku ce taki, in magani ne ku ambaci asibitin, in hanya ce ku faɗi daga ina zuwa ina. Ku ambaci wanda kuke kira, shugaban ƙaramar hukuma ne ko ɗan majalisa. Ban da zagi, ban da ƙazafi. Ku sanar da dagaci da hakimi kafin ku fita.

Malamai, ku karanta wa waɗanda ba su iya ba. Iyaye, ku hana yaranku karɓar kwali daga hannun baƙo. Matasa, duk wanda ya miƙo muku kwali haɗe da kuɗin mota, ku ce masa ya ɗaga abinsa ya shige gaba!