Kafin a kai tsohuwar Fijo wurin 'yan gwangwan, a fara duba wutarta

Duk ranar Juma'a, ranar da kasuwar Wudil ke ci, ba a rasa tsofaffin motocin Peugeot 504, musamman a-kori-kura, suna shigowa daga ƙauyuka ɗauke da awaki da buhunan hatsi. Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, kukan masu irin waɗannan motoci ɗaya ne: Fijo ta cika shan mai. Wasu sun jingine ta, wasu sun sayar wa 'yan gwangwan. Sai dai a lokuta da dama gaggawa ce aka yi, domin matsalar tana cikin wutar da ke kunna man, kuma gyaranta bai kai kuɗin sayen wata motar ba.

Motar ba ƙaramar aba ba ce. A 1968 aka fara ƙera ta a Faransa, ta zama gwarzuwar motar Turai ta shekarar 1969, sannan ta lashe tseren Safari na Kenya a 1975 da 1978. Kamfanin PAN da ke Kaduna ya shafe kusan shekara 30 yana harhaɗa ta. Amma tsarin wutar da ke cikin yawancin injinanta ya girme ta nesa ba kusa ba: shi ne wanda Charles Kettering ya ƙirƙiro, aka fara sa wa motocin Cadillac a Amurka a 1910.

Yadda yake aiki ba shi da wuyar fahimta. Batir yana ba da wuta mai ƙarfin bolt 12. Kwayil yana ɗaga ta zuwa dubban bolt. A cikin distributa akwai wasu 'yan ƙarafa biyu da makanikai ke kira kontak, suna buɗewa suna rufewa, kuma duk buɗewa ɗaya tartsatsi ɗaya ne da ke zuwa fulogi. Da yake akwai abin da ke gugar wani, kullum cinyewa yake, ƙurar hunturu kuma tana ƙara masa sauri. Idan ya cinye, tazarar kontak ta ragu, tartsatsin ya riƙa zuwa a makare, man bai gama ƙonewa ba ya fice ta salansa. Daga nan ne ake samun wahalar tashi da safe, rashin ƙarfi a hawa, da fetur da ke ƙarewa tun ba a kai Gaya ba.

Abin takaici, da an kai mota gareji da wannan ƙorafi, kabureta ake fara kwancewa. A matse jet, mota ta ƙara rasa ƙarfi, direba ya ƙara taka totur, man da ake so a rage ya ƙaru. Ƙa'idar aikin ita ce a gama da wuta kafin a taɓa mai. A duba kan batir da wayar da ke haɗa shi da bodi. A zare wayar fulogi, a riƙe ta da filaya mai roba kusa da jikin inji, a ga tartsatsin: shuɗi mai ƙara lafiya ne, ja mai rauni alamar ciwo ce. A auna tazarar kontak da ma'auni, milimita 0.4 ce a injin 504, ba da ido ko kwalin ashana ba. A duba murfin distributa, domin 'yar tsaga kaɗan ta isa ta hana mota tashi da damina. Idan kontak yana yawan ƙonewa, a tuhumi kwandensa.

Bayan wannan, shawarar da ta fi dacewa ga motar da ake neman abinci da ita ita ce a cire kontak da kwandensa, a sa na'urar lantarki mai aiki da maganaɗisu a gurbinsu. A cikin distributar take zama, wayoyinta biyu ne, kuma babu abin da ke gugar wani balle ya cinye. Kamfanonin Amurka sun koma wannan tsari tun shekarun 1970, kuma masu adana tsofaffin motocin tsere irin su MG da Triumph a Ingila suna yin wannan sauyi a yau. Ga mai shirin mayar da motarsa amfani da iskar gas ta CNG, abin ya fi zama dole, domin gas ya fi fetur buƙatar tartsatsi mai ƙarfi.

Tsofaffin makanikai suna da hujjar ƙin sauyin, kuma hujjarsu abar saurare ce. Idan kontak ya ba da matsala a daji, da sukundireba da 'yar takardar yashi za a iya lallaɓa shi a iso gida. Na'urar lantarki kuwa idan ta mutu, ta mutu ke nan. Ga kuma jabun kaya da suka cika kasuwannin kayan gyara. Amma galibin abin da ke kashe na'urar sananne ne: haɗa waya a juye, barin makulli a kunne alhali inji na kashe, ko haɗa ta da kwayil da ba nata ba. Duk ana iya kauce musu. Maganin tsoron daji kuma shi ne direba ya ajiye tsohon kontak da kwandensarsa a cikin mota. Sannan a sani, na'urar ba ta gyara distributar da sandarta ke rawa, kuma dole a sake saita taimin bayan an sa ta.

Saura batun ilimi. Wudil na da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, wadda ke koyar da aikin injiniya. Babu abin da zai hana ta haɗa kai da ƙungiyar makanikai da 'yan rewaya ta shirya horon kwana biyu ko uku da Hausa kan amfani da mitar auna wuta da fitilar saita taimin. Kayan ba su da tsada. Kowane makanike da ya iya su, motoci da yawa ne za su ci gaba da kai kayan manoma kasuwa maimakon a yanka su a auna a sikeli.