Dangar Kwamfuta a Ƙasar Watari

Duk manomin rani da ke cin albarkar madatsar ruwa ta Watari a ƙaramar hukumar Bagwai ya san ba a dasa tumatir a bar shi babu danga, domin akuya ba ta neman izini. Amma ɗansa malamin makaranta, ko sakataren ƙungiyar manoma, sai ya sayo kwamfutar gwanjo daga Kano, ya zuba mata sunayen mambobi da lambobin asusunsu na banki, ya haɗa ta da intanet, bai taɓa tambayar ko tana da tata dangar ba.

Wannan danga ita Turawa ke kira fayawol. Kwamfuta na da ƙofofin sadarwa sama da 65,000, aikin fayawol kuwa shi ne rufe duk wadda ba a buƙata, da tsayar da baƙon da ba a gayyata ba. Idan mai karatu bai manta ba, a 2003 ƙwayar Blaster ta riƙa kutsawa kwamfutoci ba tare da masu su sun taɓa komai ba, kuma a 2004 Microsoft ya fitar da gyaran Windows XP mai kunna fayawol da kansa. A watan Mayun 2017 WannaCry ta bi ƙofa ta 445 ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har da asibitocin Ingila.

To, ga inda gizo ke saƙar. Da yawa daga kwamfutocin karkararmu na ɗauke da Windows na jabu, kuma domin jabun ya zauna lafiya, wasu masu gyara kan kashe kariyar tare da toshe sabuntawa. Ga tsufa kuma: an daina tallafa wa Windows 7 tun Janairun 2020, Windows 10 ta bi sahu a Oktoban 2025, tsofaffin injuna kuwa ba sa ɗaukar Windows 11.

A ganina, duba ko fayawol na kunne shi ne gyara mafi araha, tunda kwabo ba ya ci. Ya fi zama wajibi ranar da aka kai kwamfutar shagon buga takardu a Bichi, ko aka hau intanet ɗin da jama'a ke rabawa.

Sai dai kada a yaudari kai. Fayawol ta Windows, yadda take zuwa, mai shigowa take tsarewa, mai fita ba ta cika tuhumarsa ba. Ba ta san filashin da ya zaga shaguna biyar ba, ba ta kuma hana mutum buɗe saƙon "tallafin taki" ya miƙa lambar BVN da hannunsa. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa kwaskwarima a 2024, ta tanadi hukunci, amma hukunci bayan ɓarna yake zuwa, kuma sakataren da kuɗin mambobi suka salwanta a hannunsa gaban mai gari zai fara gurfana.