Koyarwar Kirista da siyasar hagu da dama a Najeriya

Muhawara kan koyarwar Kirista da siyasar hagu da dama tattaunawa ce da ake yi a kan ko addinin Kirista ya fi karkata ga masu ra'ayin kawo sauyi, ko ga masu ra'ayin riƙau. Muhawarar ta fi zafi a Amurka da Turai. A Najeriya, musamman a Arewa, matsayin da manyan coci-coci ke ɗauka bai cika shiga ɗaya daga cikin rukunan biyu ba.

Asalin kalmomin

Kalmomin hagu da dama a siyasa sun samo asali ne daga majalisar Faransa a shekarar 1789, lokacin juyin juya hali. Masu goyon bayan sarki sun zauna a hannun dama na shugaban majalisa, masu neman sauyi kuma suka zauna a hagu. A Hausa, kalmar hagu tana da wata ma'ana ta daban a al'ada, tun da ba a ci da hannun hagu, ba a kuma miƙa wa babba abu da shi. Kafofin yaɗa labarai na Hausa sun fi amfani da "masu ra'ayin riƙau" ko "'yan mazan jiya" ga ɓangaren dama, da "masu ra'ayin sauyi" ko "'yan gurguzu" ga ɓangaren hagu.

Hujjojin ɓangarorin biyu

Masu danganta Kiristanci da hagu suna kafa hujja da Linjilar Matiyu sura 25, wadda ta yi magana a kan ciyar da mayunwata da ziyartar fursunoni, da kuma Ayyukan Manzanni sura 2 da 4, inda aka nuna Kiristocin farko suna raba dukiyarsu a tsakaninsu. A 1971 wani limamin Katolika ɗan ƙasar Peru, Gustavo Gutiérrez, ya wallafa littafin da ya kafa tauhidin 'yantar da talaka. A Amurka ma, Martin Luther King, wanda ya jagoranci fafutukar 'yancin baƙar fata, fasto ne.

Masu danganta shi da dama kuwa suna kawo Romawa sura 13, wadda ta yi umarni da biyayya ga hukuma, da koyarwar coci a kan aure da haramcin zubar da ciki. Ƙungiyar Moral Majority da Jerry Falwell ya kafa a 1979 ta taimaka wajen haɗa Kiristocin bishara da jam'iyyar Republican a Amurka.

Akwai kuma masu ganin koyarwar ta riga wannan rabe-rabe, don haka ba za ta dace da ɗayansu ba. Misalin da ake yawan kawowa shi ne wasiƙar Fafaroma Leo na 13 ta 1891, wadda ta kare haƙƙin ma'aikata na kafa ƙungiya da samun albashin adalci, ta kuma yi watsi da gurguzu tare da kare haƙƙin mallakar dukiya.

Tarihi a Arewacin Najeriya

Kafin samun 'yancin kai, jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950 kuma Malam Aminu Kano ya jagoranta, ita ce ta tsaya a matsayin jam'iyyar talakawa, yayin da NPC ta Sardauna Ahmadu Bello ta jingina da sarakuna. Yawancin 'yan siyasar Kirista na tsakiyar ƙasar sun taru ne a UMBC, ƙarƙashin Joseph Tarka, kuma babbar buƙatarsu ita ce a ba ƙananan ƙabilu jiharsu. UMBC ta yi ƙawance da Action Group a zaɓen 1959, sannan ta haɗu da NEPU gabanin zaɓen 1964. Amma a Jamhuriya ta Biyu, Tarka ya shiga NPN, jam'iyyar da ake ɗauka ta masu ra'ayin riƙau. Wannan ya nuna cewa batun wakilci ne ke jan ƙawancen fiye da aƙida.

Matsayin coci-coci a yau

A kan al'amuran iyali, coci-cocin Najeriya suna da ra'ayin riƙau. Ƙungiyar Kiristoci ta CAN da shugabannin Katolika sun goyi bayan dokar hana auren jinsi da Shugaba Goodluck Jonathan ya sanya wa hannu a Janairun 2014, kamar yadda shugabannin Musulmi suka yi. A kan tattalin arziki kuwa, bishop-bishop na Katolika sun sha sukar gwamnati game da tsadar rayuwa bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023, kuma irin wannan suka a Turai daga hagu aka saba jin ta.

Matthew Hassan Kukah, Bishop na Katolika a Sakkwato tun 2011, misali ne na wahalar sanya mutum a rukuni. Saƙonsa na Kirsimeti na 2020, inda ya zargi gwamnatin Muhammadu Buhari da nuna son kai wajen naɗe-naɗe, ya jawo masa suka daga wasu ƙungiyoyin Musulmi. A Oktoban 2025 kuma, ya yi gargaɗi a kan Amurka ta mayar da Najeriya cikin jerin ƙasashen da ake tauye 'yancin addini, yana ganin hakan zai cutar da tattaunawar addinai. A wannan karon wasu Kiristoci ne suka soke shi. Shugaba Donald Trump ya ɗauki matakin a ƙarshen watan.

Misalin iyakar Illela

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, ta kuma yi barazanar amfani da soja. An rufe iyakar Illela da Birnin Ƙonni, hanyar da dabbobi da albasa da hatsi ke bi, kuma mutanen ɓangarorin biyu dangin juna ne. Bishop-bishop na Katolika na Afirka ta Yamma sun fito a watan Agusta sun nuna adawa da yaƙi. A lokaci guda, Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar na cikin tawagar sulhu ta Janar Abdulsalami Abubakar, wasu malaman Musulunci na Najeriya ma suka je Yamai. Najeriya ta buɗe iyakar a Maris 2024.

A wannan rikici, shugabannin addinan biyu sun tsaya wuri ɗaya, kuma hujjarsu ita ce halin da talakawan bakin iyaka za su shiga. Mutanen da suka ƙi yaƙin su ne dai waɗanda suka goyi bayan dokar 2014. Don haka mai karanta labaran Amurka a intanet na iya yin kuskure idan ya auna cocin Najeriya da ma'aunin can, domin abubuwan da suka fi raba ra'ayin masu zaɓe a nan su ne tsaro, da rabon muƙamai, da yanki, da tsadar abinci.